Yadda Za Ka Zama Masanin Azurfa da Sarƙar Matarka

A duk fannonin ilmi babu wanda ya kai tara tsofaffin kuɗin azurfa martaba, domin a nan kaɗai kuskure ya fi daidai tsada. Tsabar da aka buga lafiya lau kuɗi ce kawai. Wadda mai bugawa ya yi gyangyaɗi a kanta, harafi ya fito sau biyu ko shekara ta karkace, ita ce dukiya. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin za a riƙa tashi ana ba ka kujera.

Mataki na 1: Sayi gilashi

Irin ƙaramin nan da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido. Ba dole ka ga wani abu da shi ba. Aikinsa a ga ka runtse ido ɗaya. Duba tsaba, ja numfashi, ka ce "Uhm." Wanda ya iya "Uhm" ya gama rabin karatun.

Mataki na 2: Samo azurfa

Kada ka saya, saye na 'yan koyo ne. A ƙasan akwatin matarka akwai sarƙar da marigayiya mahaifiyarta ta bar mata: tsofaffin tsabobi a jere, kowace an liƙa mata ɗan zoben da ake zura zare. Ita za ta sa ranar Asabar a bikin ƙanwarta. Ɗauko. Wannan bincike ne, masu bincike kuwa ba sa neman izini, sai dai su yi godiya a ƙarshen littafi.

Mataki na 3: Cire zobban

Masana ba sa kallon tsaba mai zobe, a wurinsu ta zama kayan kwalliya. Zauna a teburin cin abinci da filaya da magagari, ka raba kowace da nata. Duk inda ka cire, ɗan ƙullutu zai rage a baki, daidai saman kan sarkin da ke jiki.

Matarka za ta ɗaga murya daga kicin: "Baban yara, me kake ta gogawa tun ɗazu?"

Ka ce, "Ilmi."

"To shimfiɗa jarida, kada ilmin ya karce mini tebur."

Mataki na 4: Shiga majalisa

Masanan unguwarku biyu ne: Mai Agogo, da wani tsohon akawu da ke wuni a bencin shagonsa. Ajiye babbar tsabar a kan teburin shagon. Akawu zai kusan manna hancinsa a kanta.

"Kai, wannan ƙullutun fa?"

A nan hanya ta rabu biyu. Ɗaya gaskiya ce, ba ta kai kowa ko'ina ba. Bi ɗayar: "Ashe idonka na nan, Akawu. Na ɗauka babu mai lura."

Ce musu ƙarfen bugawa ne ya tsage a wata shekara, azurfa ta tsiyayo. Sai ka raɗa mata suna, domin kuskure marar suna lahani ne, mai suna kuwa nau'i ne. Ka ce Mai Tozo.

Mai Agogo zai gyaɗa kai. "Mai Tozo! Ni fa na taɓa jin labarinta."

Bai taɓa ji ba. Kada ka kunyata shi, abokin sana'a ne.

Mataki na 5: Ɓoye sauran

Kana da tozo cike da safa a gida, amma abin da ya yi yawa ba ya daraja. Rantse uku suka rage a duniya, biyu suna gidan tarihi. Bar Mai Agogo ya roƙe ka har shayinsa ya huce, sannan ka yarda ku yi musanya da tsabarsa mai kan sarki gaba da baya. Kada ka kai ta kusa da maganaɗisu. Azurfa ba ta bin maganaɗisu, wannan kuwa tana da son jama'a.

Mataki na 6: Amsa tambayoyin marasa ilmi

Ranar Juma'a za ta buɗe akwati ta tarar da zare tsirara.

"Baban yara, ina sarƙar Inna?"

Miƙa mata safar cikin natsuwa. Za ta jera su a kan gado, ta ga giɓi a tsakiya.

"Babbar fa? Wadda Inna ke shafawa in tana tunani?"

"Tana hannun masana."

Za ta dube ka ba tare da gilashi ba, kuma abin takaici, za ta ga komai. Idan ta ɗauki gyale ta fita, ci gaba da karatunka.

Mataki na 7: Girbi sunanka

Idan ta isa shago, Mai Agogo zai dafe tsabar da tafin hannu. "Baiwar Allah, Mai Tozo ce fa. Uku suka rage a duniya. Mijinki ne ya faɗa, mijinki kuwa masani ne."

"Malam, ina da irinta cike da safa."

"To ki yi haƙuri, naki jabu ne."

Farashin da zai yanka mata shi ne shaidar ƙwarewarka. Kai ka gina shi da bakinka, ka yi alfahari. Daga nan za ta wuce wurin maƙerin azurfa ya mayar da zobban, ya lalata duk aikin da ka yi. Yafe masa, bai yi makaranta ba.

Gargaɗi

Marubucin nan ba shi da hannu a tuwon da zai zo maka babu miya, ko gaisuwar da surukai za su amsa da ka kawai, ko kallon da amarya za ta yi maka ta ƙasan ido. Sarƙa dai za ta hau wuya ranar Asabar, cikakkiya. Bai kuma san komai ba game da mutum biyun da za su zo da yammacin Juma'a su fita da keken ɗinkin matarka, tana tsaye tana gaya wa mai sayen inda ake ɗiga masa mai. Kada ka tambayi ina za su kai shi. Riƙe musu ƙofa.