Rasuwar Hantsi, Fitilar Tankin Murjani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Anti Awo, ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini, take sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan aiki rasuwar fitilarta, wadda aka fi sani da Hantsi. Marigayiyar ta cika ranar Talata, ƙarfe ɗaya saura kwata na rana, a bakin aikinta, rataye a saman tankin ruwan gishirin da ke falo, bayan jinyar mako uku. Ta rasu tana da shekara shida da wata huɗu.

Ga waɗanda ba su taɓa shiga falon ba, tankin na gilashi ne, tsawonsa taku biyu, cike da ruwan gishiri irin na teku, da kifaye da murjani a ciki. Shi murjani, duk da kamarsa da dutse ko fure, halitta ce mai rai, kuma yawancin abincinsa daga haske yake samu. Saboda haka kada wani ya ɗauka kayan ado aka rasa. Mai ciyar da gida ce ta tafi.

Duk wanda ya zauna da marigayiyar zai shaide ta da riƙon lokaci. Ƙarfe bakwai na safe za a ji ɗan ƙyas, sai wani shuɗi mai laushi ya fara sauka cikin ruwan. Ba ta taɓa faɗo wa kifi da haske kwatsam ba. A hankali take tashi har ta yi fari fat da tsakar rana, da yamma ta koma shuɗi, ta janye jikinta ba tare da ta tashi hankalin kowa ba. Muryarta ɗaya ce tak, ta ƙaramar fankar da ke sanyaya cikinta, zuuu, tun safe har faɗuwar rana. Ba ta taɓa ɗaga wannan murya a kan kowa ba.

Baba, mahaifin Anti Awo, shi ya raɗa mata suna. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya dawo gidan da zama, idonsa ma ya yi rauni, agogon bango ba ya ganuwa gare shi. Amma yana ganin Hantsi. Kujerarsa na gefen tankin. In ta yi shuɗi ya miƙa hannu a ba shi maganin safe, in ta yi fari ya san abinci ya kusa. Tun ranar Talata sai an tuna masa, wani lokacin ma sai an lallashe shi.

Ta rasu ta bar kifaye biyu masu ruwan lemo da ratsin fari, mata da miji. Ta bar wani rawayan kifi mai faɗan tsiya, wanda yanzu ya shige bayan dutse ya ƙi fitowa, da jatan lande ɗaya mai aikin goge wa kifayen jiki, da katantanwa tara. Ta kuma bar murjani goma sha uku, babbansu shi ne koren nan mai kaɗawa kamar ciyawa, wanda ya riga kowa shiga tankin.

Wannan zuri'a ba a rana ɗaya aka tara ta ba. Ba banza ake kiran mai tankin Anti Awo ba. Mako shida ta bar tankin babu kowa sai ruwa da duwatsu, tana awon gishiri safe da yamma, maigida yana tambaya ko kifayen ne ba sa ganuwa. Daga nan ta riƙa kawo su ɗaya bayan ɗaya, kowane baƙo sai ya yi zaman killacewa a ƙaramin tanki kafin a haɗa shi da jama'a. Shekara shida ba ta yi gaggawa ba. Sau ɗaya ta yi.

Ga yadda ciwon ajalin ya faro. Mako uku da suka wuce ta ga wani murjani a shagon mai kifi, shunayya, mai rassa kamar ƙahon barewa. Ta je sayen gishiri ne kawai, amma ta kasa wucewa. Mai kifin ya gaya mata gaskiya.

"Anti, wannan mayen haske ne. Fitilarki ta tsufa, ba za ta ƙosar da shi ba. Kada kuma ki ce za ki sauko da ita kusa da ruwa. Gishiri ba ya barin wayar wuta."

Ta ce ta ji. Ta kawo shi gida. Kwana biyu ta ga launinsa na dushewa, sai ta hau kujera ta sauko da Hantsi da tsawon tafin hannu. Da hakan bai ishe ta ba, ta zare murfin gilashin da ke tsakanin fitilar da ruwan, ta jingina shi a bayan kabad. Murjanin ya farfaɗo, ya yi kyau har abokan aiki suka zo kallo. Feshin ruwan gishiri kuwa ya samu hanya.

A mako na biyu muryar marigayiyar ta sauya. Zuuu ɗin ya fara sarƙewa, ƙarr, ƙarr, sai ya koma daidai. Anti Awo ta ji. Ta tsaya da jaka a kafaɗa, ta saurara, ta ce in ta dawo aiki za ta duba. Ta faɗi haka sau goma sha ɗaya. Ranar Talata tana hutun rana a gida, tana yanka wa Baba farce, hasken ya ƙifta sau biyu. Warin ƙonewa ya cika falon. Kalmar marigayiyar ta ƙarshe ita ce tas.

An garzaya da ita wurin Yaya, wan Anti Awo, mai gyaran kayan wuta. Ya kwantar da ita a kan teburinsa, ya kunce sukurori takwas, ya buɗe. Cikinta fari sol da gishiri, fankar ta daskare, wayoyin sun yi kore. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ajiye sukundireba.

"Babu abin da zan iya. Wa ya cire murfin?"

A nan ne iyalin marigayiyar suke son gyara wata magana da ta riga ta zagaya dangi. Da Yaya ya yi wannan tambaya, Anti Awo ba ta amsa ba. Ta dubi maigida ne kawai, shi da yake ba kifayen abinci kullum da safe. Kallo ɗaya, amma ya isa. Yaya ya juya ya wanke shi tas a gaban masu jiran gyara, ya ce mutum ya iya koya wa jama'a tuƙin mota amma bai iya mayar da murfi ba. Maigida ya sunkuyar da kai. Bai ce shi ne ba, bai ce ba shi ba ne. Ya tuƙo su gida, ko rediyo bai kunna ba.

Kwana biyu gidan ya yi tsit. Ana gaisawa, ana miƙa wa juna kofi, amma ba a haɗa ido. Ita tana tsugune gaban tankin da tocila tana ƙirga murjanin da suka rufe jikinsu. Mai kifi ya ce sabuwar fitila mai irin wannan haske sai an aiko da ita daga nesa, ba za ta iso ba sai Laraba mai zuwa, kuma ba zai yi mata alkawarin murjanin za su kai ba. Ya ara mata wata ƙarama da ba ta haska ko rabin tankin. Da hannunta ta riƙa zaɓen wanda za a matsar ƙarƙashinta da wanda zai zauna a duhu.

Ranar Alhamis da safe shunayyan ya yi fari kamar ƙashi. Shi ne na goma sha huɗu, shi ya sa ba a lissafa shi cikin magada ba. Ta sa hannu ta ciro shi, ta tsaya riƙe da shi ruwa na bin gwiwar hannunta. Baba, wanda kowa ya ɗauka gyangyaɗi yake, ya yi magana da harshensa mai nauyi.

"Uwata, ina nan zaune ranar da kika hau kujera."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ta ajiye murjanin a faranti, ta fita ta tarar da maigida yana goge gilashin motar koyarwa.

"Malam, ni ce na cire murfin."

"Na sani. Ni na ɗauke shi daga bayan kabad don kada ya fashe."

"To me ya sa ka yi shiru?"

"Na ga mutuwa ɗaya ta ishe ki a yini ɗaya."

Saboda haka ana sanar da kowa, musamman Yaya, cewa maigida ba shi da hannu a wannan rashi. Anti Awo ta ce a rubuta haka ɓaro-ɓaro, kuma a karanta wa duk wanda ya ji maganar farko.

Halin da marayu ke ciki a yau Asabar, kwana huɗu da rasuwar: biyar suna ƙarƙashin fitilar aro, suna buɗe jiki kaɗan-kaɗan. Takwas suna jira. Tun jiya maigida ya kwance madubin kabad, yana tsayawa a bakin taga yana karkato hasken rana cikin ɓangaren da ke duhu. Ita kuma tana gefe, idonta a kan ma'aunin zafi, don rana in ta yi yawa ruwan zai ɗumama, abin da duhu bai kashe ba zafi ya kashe. In jan layin ya hau, ta ce "Sauke." In ya koma, ta ce "Ɗaga." Koren nan babba ya daina kaɗawa tun daren jiya, amma bai yi fari ba. Saura kwana huɗu.

Za a yi jana'izar marigayiyar gobe Lahadi, ƙarfe goma na safe. An naɗe ta cikin tawul ɗin da ake goge tankin da shi, an mayar da ita kwalin da ta zo a ciki. Za a tashi daga falo zuwa shagon Yaya, inda za a sa ta a kantar sama, kusa da wata tsohuwar rediyo. Yaya ya nemi izinin cire sukurorinta don amfanin masu rai, an ba shi. Anti Awo ce za ta ɗauki kwalin da kanta, kuma a can za ta maimaita wa Yaya abin da aka rubuta a sama, a gaban masu jiran gyara.

Ana karɓar gaisuwa a falo daga ƙarfe bakwai zuwa tara na safe, lokacin da rana ke shigowa ta taga. Ana roƙon masu zuwa kada su ƙwanƙwasa gilashi, kada su tambayi yaya aka yi, kada kuma su tsaya tsakanin taga da tanki. Wanda yake da ƙarfin dantse ya zo da wuri. Madubin yana da nauyi, maigida kuma ba yaro ba ne.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya kai marayun Laraba.