Ranar da Hon ɗin Mai Tsawa Ya Yi Shiru

A duk ma'aikatarsu babu mutum mai tattalin kalma kamar Mataimakin Mataimakin Darakta, wanda na ƙasa da shi suke kira Mai Tsawa saboda tsabar ƙauna. Bawan Allah ne da ya gane tun da wuri cewa magana da baki ta ƙananan mutane ce. Shi da hon ɗin mota yake magana. Gajeren hon, a buɗe ƙofa. Dogo, a zo a karɓi jaka. Idan ya kwantar da tafin hannu a kan sitiyari bai ɗaga ba, gaisuwa ce ga maƙwabta. Gilashin motarsa baƙi ƙirin, don kada idon talaka ya koɗar masa da fuska. Mahassada na cewa girman kai rawanin tsiya, amma su a ƙasa suke tafiya.

Ranar da sabon Darakta zai raba wuraren ajiye mota, inuwa ɗaya ce ta rage a ƙarƙashin rumfa, kuma Akanta ma ya sa mata ido. Mai Tsawa ya ƙudura zai shiga da hon ɗin da zai sanar da baƙon waye waye a ma'aikatar. Ya zauna a motarsa a ƙofar gida, ya gyara wuyan riga, ya danna hon.

Shiru.

Ya danna da hannu biyu. Ya danna da gwiwar hannu. Sannan ya dubi sitiyarin ido da ido.

"Wannan rashin ɗa'a ne a bakin aiki," in ji shi. "Na ba ka dama ka kare kanka."

Hon bai kare kansa ba.

Matarsa ta leƙo. "Baban yara, ko a kira mai gyaran wayar mota?"

"Ni da na shugabanci kwamitoci? Ki tsaya ki ga yadda ake bincike."

Ya ja abin buɗe bonet, sai but ɗin baya ya buɗe. Ya ce da ma daga baya ake fara bincike. Da ya iso gaba, ya tuhumi batir, amma fitilu suka kama, dole ya wanke shi daga zargi. Ya bi wata waya da yatsa har ta kai shi inda ya fara. Can ya ci karo da akwatin fiyus, ga su jere reras, kowa a kujerarsa. Nan take ya gano cutar.

"Sun daɗe a wuri ɗaya. Ma'aikaci in ya daɗe, sai ya raina shugaba."

Ya yi musu canjin wurin aiki gaba ɗaya. Ja ya koma gurbin shuɗi, shuɗi ya koma gurbin rawaya. Ɗaya ya suɓuce cikin tsakuwa, ya ce ya yi masa ritaya. Sakamako ya fito nan da nan: rediyo ya mutu, gilashi ya ƙi sauka, hon yana nan kan bakansa.

Haka ya hau titi. Duk wanda ya tare masa hanya sai ya cika kumatu ya ce "Fiiim!" da bakinsa, cikin mota rufaffiya, har gilashi ya yi gumi.

A ƙofar ma'aikata maigadi na zaune, ko motsi bai yi ba. Mai Tsawa ya ƙyafta fitila, rana ta shanye. Babu yadda ya iya, ya fito, ya taka ƙasa da ƙafarsa.

"Kai, buɗe."

"Malam, wa kake nema?"

"Ni ne Mataimakin Mataimakin Darakta."

Maigadi ya dube shi sama da ƙasa, cikin tausayi. "Shi bai iso ba tukuna. Da ya iso, da kai ma ka ji shi tun daga gidanku. Motar dai ta yi kama da tasa. Don Allah kawar da ita gefe, yanzu zai zo, kuma ba a tare masa hanya. Mutumin nan damisa ne."

Damisa. Wani daɗi ya ratsa Mai Tsawa tun daga ƙeya har dunduniya. Yaushe zai ƙaryata shaida irin wannan? Ya shiga ya kawar da motar da kansa.

Akanta ya iso, ya yi ɗan hon kamar kukan ɗan tsako, aka wangale masa ƙofa, ya zarce inuwa.

Shi kuwa Mai Tsawa aka nuna masa bencin baƙi. Yana nan zaune, ƙirji a buɗe, yana jiran isowar kansa.