A Dawo Mana da Firgici

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Awon Tsoro,
Kamfanin Wasan Ruwan Dalma,
Duk inda ofishinku yake.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan ma'aikata suna lafiya, ni ne Ɗantani na Balan, ƙaramar hukumar Gaya, mai riƙe da babbar bindiga a rundunar da muke buga wasanku na yaƙi a waya, a gindin dalbejiyar mai cajin waya. Na rubuto ne kan gyaran da kuka turo makon jiya, wanda ya cinye min data, yanzu kuma yana neman cinye min gurbi.

Bari in fara da bayanin sana'ata. Ni ba na samun kowa da harsashi. Aikina shi ne ɓarin wuta kusa da abokin gaba. A da, in harsashina ya wuce ta gefen kunnen mutum, fuskar wayarsa sai ta yi dishi-dishi, hannun sojansa ya kama rawa, ya lafe a bayan katanga, Kamalu kwamandanmu ya zagaya ya gama da shi. A gonar gero na koyi wannan ilimi, wajen korar tsuntsu. Mai kaɗa gwangwani ba ya kashe ko ɗaya, amma ba don shi ba gidan ba zai sha kunu ba.

Ga koke-kokena, cikin ladabi.

Na ɗaya. Kun rage firgicin, wai don daidaito. Wa kuka tambaya? Yanzu ina zuba wa mutum wuta yana tsaye ƙiƙam yana canza hula. Shekaranjiya wani ɗan Ajingi ya ratso tsakiyar harsasaina, ya tsaya a gabana, ya danna maɓallin rawa, ya taka son ransa, sannan ya kashe ni da shebur. Ranka ya daɗe, ko gawar tawa sai da ta ji kunya.

Na biyu. An ce 'yan birni ne suka yi ƙorafi cewa dishi-dishin yana hana su gani. Mu nan, ga fasasshen gilashi, ga hasken rana, ga sabis da sai ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, dishi-dishi muke gani tun ranar da muka sauke wasan. Abu ɗaya da yake sa 'yan birni su ɗanɗana rayuwarmu, shi kuka cire. Daidaiton ke nan?

Na uku, kuma wannan ya fi min ciwo. Ranar kasuwar Ajingi mai zuwa za mu kara da mutanen can, kuma Kamalu ya ce zai ba ƙanwarsa Zulfa gurbina, wai ita in ta harba tana samu. Ban ƙi ta ba, kuma na san ta iya. Amma samu ai abin kowa ne. Kuskure mai tsari, wanda kullum yake wuce kunne ba ya taɓa shi, wa zai gaje shi in na tafi? Ni na fara tara su a gindin bishiyar nan, ni na raɗa wa rundunar suna. Wallahi ina jin abin har cikin raina.

Na huɗu. Kada a ce na ƙi bin zamani. Na yi tunani, tunda in na auna mutum harsashin gefe yake bi, bari in auna gefe. Na kuwa samu, karon farko a rayuwata. Kamalu ne.

Roƙona kaɗan ne. Ban ce a dawo da firgicin duka ba. A auno mana ko rabin kwano ne, a kankare bakinsa in an ga dama, ya iso kafin ranar kasuwa. In hakan ya gagara, a ɗaura wa harsasaina ƙarar gwangwani, sauran aikin ku bar min.

Akwai kuma abin da nake so ofishinku mai albarka ya bincika. Jiya na tafi gona don in huce, na kaɗa gwangwani iya ƙarfina. Tsuntsayen suka ɗago suka dube ni, suka ci gaba da cin gero. Shin gyaran naku ya kai har can ne? A taimaka a amsa da wuri, domin matata Indo ta riga ta aika a tambayi Zulfa ko tana da danƙon harbin tsuntsu.

Naka mai biyayya har ƙasa, wanda bai taɓa cutar da kowa ba sai kwamandansa,

Ɗantani Mai Babbar Bindiga,
Balan, Gaya.