Ranar da Na Bi Dattijo da Tasar Ruwa

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, amma akwai ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba ko na so: ranar da na kori dattijo a guje daga ɗakin sujada, ina biye da shi da tasar ruwa. Kuma ni ne faston wurin.

Lokacin soja ke mulki, ga fari ya ci ƙasa. Gulbin Maraɗi ya koma yashi, mutane na kwana a layin jar dawa ta taimako. Ni kuwa tuzuru ne, baƙo daga yamma, ba uwa ba uba. Ranakun aiki ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ina haya a wani ɗan ɗaki a Sabon Gari. Ran Lahadi in hau keke zuwa Jiratawa in yi wa 'yan tsirarun masu bi wa'azi. Kowa na gaishe ni, "Sannu Mushe" (haka ake kiran malamin boko da Faransanci), "Sannu Fasto", amma ba mai cewa "zo mu ci". Ba rowa ba ce, kunyar abin da ke cikin tukunyarsu suke ji. In an kira salla abokan aikina su tashi su bar ni da alli. Da yamma in sayo tuwo in ci ina kallon bango. Kaɗaici ya ishe ni har kekena nake yi wa hira (kada ku yi dariya, ya fi wasu mutane iya saurare).

Wanda ya koya mini Littafi Mai Tsarki wani Bature ne, faston ɗariƙar Menonit, a garin Tsibiri. Mai Gemu muke ce masa. Ba ya ɗaga murya, ko soja ya tare shi a hanya sai ya hau tambayarsa lafiyar gida. Shi ya nuna mana al'adar mutanensu: kafin jibin Ubangiji, shugaba ya durƙusa ya wanke ƙafafun jama'a, yadda Almasihu ya yi. Ranar da ya kama ƙafata mai faso ya wanke, kuka na yi wiwi, don rabon da wani ya taɓa ni da tausayi tun ina yaro. Bayan nan ciwo ya mai da shi ƙasarsu, na rasa ko wanda zan yi shawara da shi.

To, akwai Saratu, mai ba da waƙa a zumuntar mata. Ina sonta, ita ma in na yi wa'azi mai tsawo ita kaɗai ba ta gyangyaɗi. Ubanta Baba Mati manomin albasa ne, sai da gemunsa ya yi fari ya bar tsafin kakanninsa ya bi. Tunda ba ni da kowa, na roƙi Dattijo Ayuba, babban ikilisiyarmu, ya kai mini goron tambaya. Ya kai. Shiru kake ji, makonni suna wucewa. Na ce a raina shi ke nan, wa zai ba tsintacce ɗiya?

Da bikin Ista ya matso sai na ƙudura zan yi wankin ƙafa irin na Mai Gemu. Ban gaya wa kowa ba. Da kaina na je rijiyar garka na ja ruwa, mata na ta tsiya: "Fasto, duniya na neman na sha, kai na ƙafa kake ɗiba?" Na yi murmushin waliyyai na wuce.

Na yi wa'azi kan tawali'u har muryata ta dushe, sannan na ɗaura tsumma a ƙugu, na durƙusa gaban layin maza. Da Ayuba na fara. Ina cuɗa masa diddige ya sunkuyo ya raɗa mini, "Fasto, ina da magana da kai, tun kahin ka kai ga na gaba."

"Bayan sujada, Dattijo," na ce masa, cike da tsarki.

Na gaba kuwa Baba Mati ne. Ina jawo tasa ya naɗe ƙafafunsa cikin riga, ya kau da kai bango. Na ce a raina, Allah sarki, tawali'u ne, ai Bitrus ma, almajirin Almasihu, da fari ƙi ya yi. (Kun ga illar karatu ba tambaya.) Na ce, "Baba, miƙo, kada ka ji komai." Ya ƙara maƙurewa. Sai na sa hannu ƙarƙashin rigar na cafko idon sawunsa na tsoma a ruwa.

"Wayyo ni! Ku raba ni da yaron ga!"

Ya fizge, ya tsallake benci kamar ɗan shekara ashirin, ya bar takalmansa. Mai hankali da nan zai tsaya. Ni kuwa na sunkuci tasa na bi shi ina kira, "Baba, saura ɗaya! Saura ɗaya!" A bakin ƙofa na yi tuntuɓe da dokin ƙofa, na kife, ruwan dauɗar ya wanke ni tun daga kai. Da na ɗago, uwar Saratu ta rufe fuska da zane, Saratu ta sa kai tsakanin gwiwoyi, yara na birgima don dariya.

Ayuba ya tsaya a kaina yana tafa hannu. "Kai Fasto, mi ka aikata haka? Surukinka ne fa! Shekaranjiya ya raba goronka ga dangi. Abin da nike son hwaɗa maka ke nan!"

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Wane Bahaushe ne bai san kunyar suruki ba? Ba ka haɗa ido da shi, ba ka cin abinci gabansa, in ka hango shi a hanya ka ratse. Ni kuwa na kama nawa ta ƙafa a gaban matarsa da ɗiyarsa da dukan ikilisiya. Duk da haka, ina zaune jiƙe sharkaf, wani daɗi ya ratsa ni: ashe an ba ni.

Labari ya zaga garake, abokan wasansa suka laƙa masa Mai Ƙafa Ɗaya Tsarkakakkiya. Bai sake taka ɗakin sujada ba. Ayuba ya je ban haƙuri, ya ce masa, "Ba hushi nike ba, kunya ce. A bari maganar ta kwanta." Kafin ta kwanta rijiyarsa ta ƙafe, albasa ta ƙone. Wata Lahadi na iso na tarar an toshe ƙofar gidansa da ƙaya, ya kwashe iyalinsa sun yi Najeriya neman abinci. Daga baya na ji Saratu ta yi aure can wajen Katsina.

Har yau ina wankin ƙafa duk Ista, amma sai wanda ya miƙo da kansa. Na koyi cewa kafin ka durƙusa gaban mutum, ka tsaya ka ji abin da dattijo ke raɗa maka. Ashe kwana biyu na yi ina da dangi a Jiratawa, ni kaɗai ne ban sani ba.