Kazar Gwaggo da Karan Dafi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da hannuna ya rine ja a gaban matan unguwarmu, ko da yake yanzu haƙorana ma sun manta da ni. Lokacin ina da shekara biyu da aure a Filinge, Anasara sun shigo ƙasar Kurfai ba da jimawa ba, suna ɗibar samari ɗaukar kaya. Cikin waɗanda aka ɗiba har da ɗan Gwaggo, ƙanwar uban mai gidana, shi ke nan gare ta. Da ta ga babu mai yi mata noma sai ta taso daga wajen Sanam ta dawo gidanmu, da tabarmarta da kaza ɗaya wake-wake a hammata.

Kazar nan ta ɗan nata ce. Gwaggo ta yi alkawari ba za a sa mata wuƙa ba sai ranar da ya sako ƙafa gida. Kullum da hantsi takan zauna tana watsa mata tsaba, tana yi mata hira ƙasa-ƙasa.

To kajina bakwai ne, kuma ba su san baƙunta ba. Tun ranar farko suka sa ta gaba. In ta nufi tsaba su kore ta, in ta nufi kaskon ruwa su tare. Kafin kwana biyar sun fige mata ƙeya har jini ya fito. Na yi jifa, na yi zagi, na ɗaure babbar da igiya a turmi, sai ta biyun ta gaji sarautar.

Gwaggo ta same ni a madafa, murya a ƙasa irin ta mai zaman gidan wani. Ta ce in nemo shuni wurin marina a shafa wa ciwon, a kife kazar da kwando a tsakar gida, su riƙa ganin juna har gashi ya tsiro. Na ce to da baki, a zuci kuwa na ce baƙo ko da ido makaho ne. (Ni a lokacin gani nake duk wanda ya fito ƙauye, hankalinsa can ya baro shi.) Mai gidana baduku ne, karan dafin da yake rina fata ja ba ya yanke mana, kuma kowa ya san maganin jini ne. Ina ruwan ciwo da shunin rina zane?

Da na yi abina shiru, da sauƙi. Sai da na bari ranar da mata suka taru gidanmu surfen sunan maƙwabta. Na jiƙa karan dafi ya yi kauri, na kamo kazar, na ce kowa ta dakata ta ga yadda ake magani a birni. Na laɓta mata shi tun daga ƙeya har gadon baya, ta koma ja wur. Gwaggo ta miƙe daga tabarma.

"Ɗiyata, kada ki sake ta hakanan. Kaza in ta ga ja, jini ta gani."

Na yi dariya, wallahi na yi dariya, na sake ta.

Ko taɓarya ban kai ga ɗauka ba suka rufe ta su bakwai, har da zakaran da bai taɓa kula ta ba. Na faɗa cikinsu ina duka da faifai, zanena ya kwance, na taka kaskon ruwa na zube. Kafin in raba su sun fasa mata kai, ido ɗaya ya tafi. Babu wadda ta yi mini dariya cikin matan nan, kuma da sun yi da na fi jin daɗi.

Mai gidana ya shigo ya duba, ya ce ba za ta kai la'asar ba, ko a yanka ko ta zama mushe. Ya tsaya da wuƙa yana jiran bakin Gwaggo. Ta daɗe tana kallon ƙofar gida, hanyar da baƙo ke shigowa.

"Yanka ta, ɗana. A yi wa yaron nan nawa sadaka da ita, duk inda yake."

Ita ta fige da hannunta, ta dafa, ta raba wa matan. Ni ta zaɓo mini cinya ta ajiye gabana, ta ce in ci, na sha wahala. Ban taɓa haɗiyar abu mai ɗaci irin naman nan ba. Kwana da kwanaki jan bai bar hannuna ba, in na je rijiya sai in riƙa cusa shi cikin zane.

Ɗan bai dawo ba. Gwaggo ta shekara huɗu tare da mu, ba ta taɓa tayar da maganar ba, ba ta kuma sake kiwon kaza ba. Tun daga ranar, in tsohuwa ta yi mini magana a hankali, nakan ajiye abin da ke hannuna in saurara, tun ba ma in abin ja ne.