Baba Filaya da Wayar Injin Busar da Kaya

A duk unguwarmu babu wanda ya san wutar lantarki kamar Injiniya. Shi da bakinsa ya faɗa mana, kuma ba sau ɗaya ba. A kamfanin wuta ya tsufa, sashen yanke wa mutane layi, har ya yi ritaya. Abin da ya fito da shi daga can wata filaya ce mai jan mariƙi, wadda ba ta barin aljihun rigarsa ko dubiya za shi. Shi ya sa a gabansa muke cewa Injiniya, in ya ba da baya mu ce Baba Filaya. 'Yan baƙin ciki suna cewa bai taɓa hawa falwaya ba, tsani kawai yake riƙe wa masu hawa. Mu dai ba mu ji ba, ba mu gani ba.

Da damina ta kankama sai ya sayo injin busar da kaya. Bai bari a shiga da shi ciki ba sai da kowa ya fito ya shafa kwalin. Sannan ya ja mu tsakar gida, ya tsaya gaban igiyar shanya, ya gyara murya.

"Jama'a, ku shaida. Daga yau gidan nan ya daina roƙon rana. Igiya ta mutanen da ce!"

Ya zaro filaya ya datse igiyar gunduwa-gunduwa. Muka tafa masa, don gaskiya yankan ya fita.

Autarsa ce ta fi kowa murna. Washegari za ta fara aikin nas, bayan zaman jira har ta fara fid da rai. Yunifom ɗinta guda ɗaya ne, ga man keken tela a wuyansa, kuma an gaya musu duk wadda ta zo da kayan gida ta koma, akwai masu jiran gurbin. Ganin inji ya sa ta tsunduma shi a ruwa hankalinta kwance, ana tsuga ruwan sama.

Da aka buɗe kwali sai ga waya daban, inji daban. Matarsa ta ce, "Baban yara, ko a kira mai gyara?"

"Mai gyara? A gidana? Ni da in na shigo layi manyan mutane ke ɓuya a banɗaki? 'Yan silli uku ne fa, ja, baƙi da kore. Ko ido rufe."

Ya ture takardar bayani da ƙafa, ya kwance murfin bayan inji, ya zauna kan kujera 'yar tsuguno. Aikin bai wuce a fere robar bakin waya a ɗaura kowane silli a mazauninsa ba. Sai dai hannun da ya saba abu ɗaya ba ya jin magana. Yana ɗora filaya, ƙat, bakin waya ya faɗo ƙasa.

"Wurin da ma ba shi da kyau," in ji shi.

Ya matsa gaba. Ƙat. Ya ce tagullar bana ba ta da ƙwari. Ya sake matsawa, ya ba mu tarihin ranar da ya jefa layi guda cikin duhu kafin a ce kwabo. Ƙat. Guntaye suka taru a gabansa kamar an yanka kuɓewa.

A ba mai haƙƙi haƙƙinsa, daga ƙarshe ya ɗaura. Ya tamke noti, ya miƙe yana share gumi, ya ce a kawo masa filogi ya kunna. Filogin na nan maƙale a ƙugun inji, wayar da ta rage ba ta kai tsawon cokali ba. Soket kuwa yana can daidai ƙirjinsa.

"Kuskuren magini ne," in ji Injiniya. "Za a yi ƙari."

Kafin wani ya yi motsi ya datse wayar dutsen guga. Ita ma haka ta bi 'yar'uwarta, guntu bayan guntu. Yana ɗaga ido wajen fanka matarsa ta rungume ta ta koma bayan ƙofa.

Auta na tsaye da jiƙaƙƙen yunifom, ruwa na ɗiga a ƙafarta. Ta leƙa waje, titi ya zama kogi, ko shago ɗaya ba a buɗe ba. Ta ce, "Baba, har dutsen gugar?" sai hawaye. Nan dariya ta ɗauke mana, don yarinyar ta ba mu tausayi.

Uwar ta fita tsakar gida. Ta tsinto guntayen igiyar shanya daga cikin taɓo, ta wanke, ta ƙuƙƙulla. Ta ɗaura baki ɗaya a ƙarfen tagar falo, ta ja ɗayan zuwa ƙusar bango. Bai kai ba, ƙulli ya cinye tsawon. Ta juyo ta dubi mijinta.

"Injiniya, zo ka riƙe."

Haka muka bar shi tsaye a tsakiyar falo, hannu a sama, fanka na kaɗa yunifom a fuskarsa. Ko gezau bai yi ba har kayan suka sha iska, Auta kuma ta kama aikinta. Mu da muka ga irin wannan riƙo mun daina musu da 'yan baƙin ciki. Mutumin ƙwararre ne.