Yadda Za Ki Sa Surukinki Mai Ciwon Ƙoda Ya Saci Gireba

Baiwar Allah, matso kusa. Idan surukinki ya dawo daga asibiti da ciwon ƙoda, likita ya hana shi gishiri da kanwa, shi kuma ya rantse sai ya ci, to kin zo wurin da ya dace. Ni ba likita ba ce, allurar da na taɓa riƙewa ta ɗinki ce. Amma dabarar da za ni koya miki an gwada ta a Gangara, a tsakiyar farin nan da ya hana mu girbi, a kan tsoho mafi taurin kai da ƙasar Gobir ta haifa, kuma ta ci. Ki bi matakan nan daki-daki. In bai ci girebarki har ya lashe yatsa ba, ki kai ni ƙara wurin maigari.

Mataki na 1: Ki san irin tsohon da Allah ya haɗa ki da shi

Wadda ta fara gwada dabarar nan sunanta Tasalla, surukinta kuwa Baba Yari, tsohon falke wanda ya yi rabin rayuwarsa yana ɗauko gishiri daga Nijar a bayan jakuna. Da ƙafafunsa suka kumbura, ɗansa Lawwali, mijin Tasalla, ya kai shi Sakkwato. Sai aka yi rashin sa'a: likitan Bayerabe ne.

Ke ma kin san tsakanin Bagobiri da Bayerabe. Wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa. Baba Yari na jin sunan likitan ya gyara kwanciya, ya shafa zanen da ke kumatunsa, ya ce, "Ashe bawana na. Kai yaro, ina goron ubangidanka?"

Likita ya yi dariya ya ce, "Baba, yau dai ga ubangida kwance a hannun bawa." Daga nan ya daina dariya, ya jero: ba gishiri, ba kanwa, ba dunƙulen miya, ba ƙuli-ƙuli, ba kilishi. Ya ce in ba a kiyaye ba, abin da ya rage sai wankin ƙoda da na'ura. Gidan da rumbunsa ke wayam kuwa ya san ma'anar wannan magana.

Suna isowa gida Baba Yari ya tara iyalinsa ya yi musu bayani: "Wasa shikai. Bayerabe ya iske Bagobiri kwance, mi kuka so shi ce? Wallahi da ni na same shi hakanan, ko ruwa sai in hana mishi."

Gona ba ta ba da komai ba, dole Lawwali ya tafi Kudu cin rani. A bakin zaure ya ce wa Tasalla, "Ga Baba nan. Amana." Ya hau bayan babur ya bar ta da kalmar.

Mataki na 2: Kada ki yi masa wa'azi

Da wane bakin ma? Mutumin da ba ki iya kiran sunansa, ba ki iya kallon idonsa, gaisuwa ma sai kin durƙusa daga nesa kamar mai tsoron wuta. Shi ne za ki ce wa, "Baba, ajiye gishirin nan"?

Don akwai gishirin. Wani ɗan guntun kantun gishiri ne da ya rage masa tun zamanin fatauci, ƙulle cikin tsumma a aljihun taguwarsa. Duk tuwon da Tasalla ta kai masa sai ya ɗanɗana miyar, ya ture kwanon, ya ce da bango, "Wagga miya ko daga nesa ba ta ga gishiri ba." Sai ya juya baya ya kwance tsummansa ya yi lasa kamar rago. A shekarar da ake auna hatsi da tafin hannu, tuwo ya dawo ba a taɓa ba, wannan ciwo ne na daban. Ƙafafun kuwa kullum ƙara cika suke, har takalminsa ya daina shiga.

Tasalla ta kai kuka wurin surukarta Inno, matar tsohon. Kada ki yi wannan kuskure. Inno ta ce, "Tun ina amarya nika sa mishi kanwa, ga shi har yau da ranshi. Ku 'yan zamani, Bayerabe ya yi ma mutum ba'a, kun ɗauka aya ta."

Mataki na 3: Ki haɗa kaya, ki kori rabinsu

Me ya sa gireba? Saboda tsoho ba ya zargin abu mai zaƙi. Masana sun tabbatar da haka, wato ni da maƙwabciyata Larai.

Ki nemi fulawa, sukari kaɗan, da mai. Tasalla sai da ta rabu da kajinta a kasuwar Sabon Birni kafin ta same su, ke ma ki duba abin da ke yawo a tsakar gidanki. Sannan ki tsaya a bakin kwano kamar dogari. Gishiri ba ya shiga. Kanwa ba ta shiga. Hodar nan mai sa ƙulli ya tashi, ita ma waje. Madara, gyaɗa, da riɗin da ake barbaɗawa a kai, duk ki ba su haƙuri.

Za ki ce, to me ya rage? Tambaya mai kyau. Ki daka citta da kanumfari su yi laushi, ki zuba. Aikinsu su tayar da hayaniya a baki, harshe ya rikice ya manta abin da ya zo nema.

In Inno ta matso da hannunta a bakin zane, ki aike ta duba akuya. A bakin zanen nan take ƙulle kanwa.

Mataki na 4: Ki gasa, ki gode wa fari

Kowa na zagin farin nan, amma a faɗi gaskiya, bai taɓa hana mu yashi ba. Gulbi ya ƙafe, ki je tsakiyarsa da ƙafarki ki ɗebo mai kyau. Ki zuba a gindin tukunya, ki ɗora a wuta ya yi zafi. Ki murza ƙullin, ki danna shi a cikin ƙaramin ludayi, ki kife a faranti. Faranti a kan yashi, murfi a kan tukunya, garwashi a kan murfi.

Kashin farko zai ƙone. Na Tasalla ya fito baƙi ƙirin, da tauri har akuya ta shinshina ta wuce. Larai ta ɗauki guda ta jefi ƙadangare, kuma bai tashi ba. Kada ki karaya, ki rage wuta. Kashi na biyu ya fito ja-ja, yana rugurgujewa a hannu, ƙamshin kanumfari har zaure.

Mataki na 5: Kada ki kuskura ki ba shi

Nan ne mata da yawa ke faɗuwa. Tasalla ma ta faɗi. Ta jera gireba a faranti mai fure, ta durƙusa, ta tura. Baba Yari ya kalli farantin ya tambayi bango, "Na marasa lahiya na?" Bango bai amsa ba, faranti ya dawo.

Ki fahimci cutar. Tsohon nan ba gishiri kaɗai yake so ba, so yake ya ci Bayerabe da yaƙi. Duk abin da aka halatta masa ya zama abincin bayi.

Don haka ki yi abin da Tasalla ta yi. Ta sake gasa wani, ta ja Inno gefe, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Inno, don Allah kada Baba shi ji. Wanga na sayarwa na. Gishiri na zuba mishi da hannu biyu, har da kanwa. Irin abin da likita yac ce in Baba ya taɓa, shi da kanshi za ya zo Gangara. Za ni ɓoye shi wajen rumbu."

Inno ta dafa ƙirji ta ce, "Ni? Bakina ƙanin ƙafata." Kowane gida akwai wanda in kin ba shi sirri ya fi sanƙira sauri. Ki nemi naki, ki riƙe shi da kyau.

Mataki na 6: Ki ɓoye, amma kada ki iya ɓuya

Ran farko Tasalla ta sa kwanon can cikin rumbu. Tsoho ya yi ta zagaye da sanda, ya kasa hawa, ya koma ɗaki da fushi. Mai ciwo kike wa tarko, ba ɗan dambe ba. Ki sa kwanon a ƙarƙashin rumbu, tsakanin duwatsu, ki rufe da faifai, ki bar gefensa yana leƙowa. Kuma ki sa kaɗan, don ɓarawon ba ya barin saura.

Bayan azahar, gida ya yi tsit, Tasalla ta laɓe bayan zana. Ga Baba Yari nan tafe, yana ɗaga kumburarrun ƙafafunsa a hankali, yana waige-waige. Ya tsuguna da ƙyar, ya ɗaga faifai. Ya ɗauki guda, ya juya ya fuskanci Sakkwato, ya ce, "Bayerabe, ga taka." Ya gatsa. Ya daɗe yana tauna, har gaban Tasalla ya faɗi. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki na biyu.

Saura aikinki. Da la'asar ki ɗaga faifan ki kwarma ihu. Tasalla ta ce, "Wayyo ni, ɓeraye sun gama da ni!"

Daga ɗaki aka yi gyaran murya, aka ce, "Ɓerayen bana sai haƙuri. Hwari na."

Daga ranar tuwo ya daina dawowa. Mutumin da ya ci haramtaccen abu da rana yana iya yi wa lami haƙuri da dare. Tasalla ba ta sake ganin ya juya baya ya kwance tsumma ba, ta ce ko ya canja lokaci ne. Sannu a hankali takalmi ya fara shiga.

Mataki na 7: Ranar komawa asibiti, ki tafi da babban mayafi

Za ki buƙace shi. Tasalla da Inno suka raka tsoho Sakkwato. Likita ya danna ƙafa, ya duba sakamakon gwaji, ya ce, "Baba, ciwo na nan, amma ya lafa. Ashe kana jin maganar ubangidanka."

Baba Yari ya yi wata dariya da ya daɗe yana tanadi. "Maganarka? Kullum sai na ci gishiri da kanwa, yaro." Ya zura hannu aljihu ya fito da gireba. "Ungo, ɗanɗana ka ji abin da ka hana."

Tasalla ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. In likita ya ce babu gishiri, an gama: tsoho ya kunyata a gaban taubashinsa, kuma ba zai sake cin komai daga hannunta ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ido ɗaya kawai ta bari.

Likita ya gatsa. Ya tauna. Ya kalli girebar, ya kalli tsoho, ya kalli idon nan guda ɗaya da ke roƙonsa. Sai ya yi tsalle ya nufi taga yana tofarwa. "Kai! Baba, kashe kanka za ka yi? Wannan ai gishiri ne zalla! Na hana! Na ƙwace!" Ya tattara sauran ya zuba a aljihun farar rigarsa.

A waje ya tsayar da Tasalla ya tambaye ta abin da ke ciki, ta faɗa masa komai, har zancen ɓera. Ya ce ta rage sukari, kada kuma ɓeran ya wuce biyu a yini, magani kuma kada a fasa. Har ya juya, ya dawo ya ce in za su sake zuwa ta taho masa da nasa.

Tun daga Sakkwato har Gangara, babu fasinjan da bai ji yadda Bagobiri ya sa Bayerabe tsalle ba.

Mataki na 8: Ki riƙa duba kwanon kafin ki zuba

Washegari Tasalla ta je ƙarƙashin rumbu da sabuwar gireba. Ta ɗaga faifai, ta ga kwanon ba wayam yake ba. Tsumma ne a ciki, an ƙulle. Ta kwance. Guntun kantun nan ne, gefensa ya yi sumul saboda lasa, amma ya bushe, har ƙura ta hau shi.

Sai a lokacin ta tuna wanda take yi wa dabara. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana lasar gishiri a kasuwa don ya san na kirki da na banza, shi ne citta da kanumfari za su ruɗa? Tun gatsar farko ya sani. Ta zauna daɓas a ƙasa, ta rufe baki da mayafi, ta yi kuka mai isarta.

Daga ɗaki aka yi gyaran murya. "Inno! Ki hwaɗa ma mai abin nan, ɓeran ya ce gindin na jiya ya ɗan ƙone." Sai aka ƙara da cewa, "Kuma kada Bayerabe shi ji."

Ba ruwana

Ni dai na faɗi abin da na gani ta ramin zana. Ciwon ƙoda iri-iri ne, ki tambayi likitanku kafin ki kunna wuta, in ya ce a'a, to a'a. In likitanku ba Bayerabe ba ne, ko surukinki ba Bagobiri ba, ki nemi wata dabarar, tawa ba ta shafe ki ba. Kajin da kika sayar, tukunyar da kika ƙona, ƙaryar da kika yi wa Inno, duk a wuyanki suke. In aka tambaye ni, ban san ki ba.

Guntun gishirin kuwa yana ƙasan akwatin Tasalla, tana jiran Lawwali ya dawo ta damƙa masa a hannu. In ke ma wata rana kika ɗaga faifai kika iske irinsa, hawayen naki ne, ba ni na sa ki ba.